Yawan wakis da folish ɗin da mota ke buƙata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayo gwangwanin wakis da kwalbar folish don baƙar Camry ɗinka, shafa ɗaya ka yi kusan rabin gwangwanin ya tafi, bakin robobi da jikin tambarin mota duk sun yi fari, ka sha wahalar gogewa har kafaɗa ta riƙe, kuma da aka gama ƙyallin bai kai yadda ka zata ba, shi ne kake tambaya wai nawa ne ainihi ya kamata a sa.

Gaskiya abin da ka shafa rana ɗaya ya isa mota goma. Mota irin Camry ko Corolla, in wakis na ruwa ne, cokali biyu na cin abinci, wato mililita 30 haka, ya zagaye ta tun daga bonet har but. In na gwangwani ne mai tauri, irin mai giram 200 zuwa 300 ɗin nan, ya kamata ya yi maka shafa ashirin ko ma fiye. Folish kuma in da inji za a yi, zagaye ɗaya na mota gaba ɗaya yakan ci tsakanin mililita 60 zuwa 100, kwalba mai 250 ta yi mota biyu har huɗu. Na san in mutum bai saba ba zai ga kamar rowa ce, to bari in yi maka bayanin dalili, don in ka gane dalilin ba ka ƙara buƙatar awo, hannunka da idonka ne za su riƙa gaya maka.

Da farko folish da wakis aiki biyu suke yi daban, kuma kuskuren yawa a kowanne illarsa daban. Folish yana da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, aikinsu su kankare saman fenti kaɗan har ya daidaita da zurfin ƙarcen da ke jiki, shi ya sa ƙarce ke ɓacewa, ba cike shi aka yi ba, gefensa aka rage. Wakis shi ba ya cin komai, rufi ne kawai yake zama a sama ya tare rana da ruwa da kashin tsuntsu. Saboda haka folish ake fara yi sannan wakis ya biyo, in ka juya su to ka goge wakis ɗinka da hannunka. Akwai kuma wanda aka haɗa biyun a kwalba ɗaya, yana ɗan kankara yana ɗan rufewa, ya yi wa mai sauri amma ba ya kai kowannensu.

Yanzu ka san abin da folish ɗin yake ci. Fentin mota daga kamfani hawa-hawa ne, akwai firaima a ƙasa, sai launi, sai kiliya a sama wadda ita ce mai ƙyallin kuma ita ke ɗauke da maganin da ke kare launi daga zafin rana. Duka kaurinsu yawanci maikiron 100 zuwa 150 ne, maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba dubu, kiliyar ita kaɗai ba ta wuce 40 zuwa 50 a yawancin motoci. Takardar da ake fotokwafi da ita kaurinta wajen maikiron 100 ne, ka ga kenan kiliyar motarka rabin takarda ce. Folish mai laushi yakan ɗebe maikiron 2 ko 3 a zama ɗaya, robin kampawun, wato folish mai kaushi, da soson ulu a kan inji mai juyawa ya fi haka nesa. Kuma abin da aka ɗebe ba ya dawowa. Duk motocin nan da kake gani a titi rufinsu da bonet sun yi fari suna ɓarewa, kiliyarsu ce ta mutu, wasu rana ce ta cinye ta, wasu kuma rana da yawan kai wa mai inji ne suka haɗu, kuma in ta kai nan babu wakis ɗin da zai gyara sai dai a koma wurin mai fenti. Wannan ne ya sa ni abin yana min ciwo in na ga ana ɗora wa mota kampawun duk bayan wata biyu don kawai za a je biki.

To nawa za a sa a soso. In da inji kake aiki, soson sabo ne ko busasshe, fara ɗiga masa ɗan folish ka bi da yatsa ka shafe fuskarsa duka siriri don kada wani ɓangare ya taɓa fenti a bushe. Daga nan sai ɗigo uku ko huɗu, kowanne girman ƙwayar wake, a soso mai faɗin inci 5 ko 6. Wannan zai yi maka fili kamar girman tayil ɗin nan na ƙasa mai 60 da 60, kada ka wuce haka, bonet ɗin Camry sai ka raba shi gida huɗu ko shida. Kafin ka kunna inji ka dangwala soson a wurare huɗu biyar cikin filin, ka ɗora shi a jikin mota tukuna sannan ka kunna a ƙaramin gudu ka baza, in ka kunna shi a iska duk folish ɗin zai watsu a gilas da rigarka. Sai ka ƙara gudu ka riƙa tafiya a hankali, layi-layi, kowane layi ya hau rabin na baya, ka bi tsaye ka bi kwance, kamar sau huɗu zuwa shida. A hankali fa nake nufi, hannu na tafiya kamar santimita 2 ko 3 a daƙiƙa, yawancin masu koyo gudu suke yi da inji sannan su ce folish ba ya aiki su ƙara zubawa. Za ka ga da farko abin fari ne mai kauri, can sai ya koma siriri mai maiƙo kana hango fenti ta cikinsa, to ya gama aikinsa, tsaya ka goge. A fili na gaba ɗigo biyu ko uku ya isa tunda soson ya riga ya sha.

Mutane suna zaton in an ƙara folish an ƙara cin ƙarce, alhali akasin haka ne. In ya yi yawa soson sai ya jiƙe ya yi nauyi, ramukansa su toshe, ya riƙa sulɓi a kan ruwan folish ɗin bai ma taɓa fentin sosai ba, ƙwayoyin ba su samu matsin da za su yi aiki ba, ka ɓata lokaci ka ɓata kaya, ga danƙo da zai manne a jiki gogewa ta zama aiki. In kuma ya yi kaɗan za ka ji inji yana fizga yana tsalle, gari na tashi, wurin ya ɗau zafi, nan ma hatsari ne don busasshen soso shi kansa yana zana fenti. Tsakiyar nan ake nema. Kuma abin da ya fi ƙarin folish amfani shi ne tsaftar soso, bayan kowane fili ɗaya ko biyu ka sa buroshi mai laushi ko tawul ka share fuskarsa, za ka ga wani gari mai toka-toka yana zubowa, wannan matacciyar kiliya ce haɗe da busasshen folish, in ka bar shi a ciki shi za ka yi ta murzawa a ƙofa ta gaba. Mota ɗaya tana son soso uku ko huɗu ana canzawa, soso ɗaya tun safe har yamma ba ya fitar da aiki mai kyau ko wane ne ya riƙe injin.

Lokacin hunturu da iska ta bushe folish yana saurin bushewa a jikin mota, kafin ka yi zagaye uku ya zama gari. Maganinsa ka rage girman filin, ko ka ɗan fesa wa soson ruwa fesa ɗaya, ba ka ninka folish ba. Wasu kampawun ɗin ma dama da ruwa aka yi su a yi aiki, kamar Farécla G3 na asali da masu fenti suka saba da shi, shi soso mai danshi yake so, wasu kuwa irin na Menzerna ko Meguiar's ba sa buƙata, don haka karanta bayan kwalbarka, abin da suka rubuta ba ado ba ne.

In injin mai juyawa zalla ne irin na masu fenti, yi hattara da gefuna da kan layin jiki da bakin ƙofa, fenti ya fi siriri a nan kuma daƙiƙa kaɗan ta isa a ƙona shi, manna musu tef ɗin masu fenti, haka robobi baƙaƙe da tambari. Bamba kuma roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, rage gudu a kanta. Riƙa taɓa wurin da bayan hannu, in ba za ka iya barin hannun a kai ba to ka matsa wani wuri ya huce. Wanda bai taɓa riƙe inji ba ni shawarata ya nemi mai juyawa yana karkaɗawa a lokaci guda, shi da wuya ya ƙona fenti.

In da hannu za ka yi, ɗigo biyu girman ƙwayar gyaɗa a ƙaramin soso, fili kamar santimita 30 da 30, ka murza da ɗan ƙarfi har ya koma siriri. Zai fito da haske ya rage dusashewa, amma kada ka sa ran zai cire ƙarce mai zurfi, kuma duk ƙarcen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce aikin folish ko da inji ne, kada ka cinye kiliyar gefensa wajen binsa.

Sai wakis, wanda a nan ne aka fi ɓarna. Abin da ke manne wa fenti bayan an goge wani siririn rufi ne da bai kai maikiron ɗaya ba, ko ka shafa siriri ko ka lafta da kauri iyakar abin da zai zauna kenan, saura duk a tawul yake ƙarewa. Kaurin ma cutarwa yake, don sama ta bushe ƙasa na nan da danshi, kana gogewa yana jan maiƙo, sai ka ƙara ƙarfi, ƙarfin nan kuma da tawul ɗin da ya cika shi ke mayar da zanen da ka sha wahalar cirewa, a baƙar mota kuwa komai sai ya nuna. Yadda ake yi, ka samu ƙaramin soso mai laushi, ka ɗan jiƙa shi ka matse sosai, ka ɗora a kan wakis ɗin cikin gwangwani ka murɗa kwata ko rabin zagaye ba tare da dannawa ba, kada ka kwaso da yatsa ko cokali. Ɗan abin da ya shafu a soson ya isa ƙofa guda ko rabin bonet. In na ruwa ne ɗigo uku huɗu. In ka shafa daidai, kana tsaye a gaban ƙofar da ƙyar za ka ga wani abu, sai ka sunkuya ka kalla ta gefe inda haske ke faɗowa sannan ka ga ɗan hazo-hazo. In kana hango fari tun daga nesa ya yi yawa. Kuma in soson ya fara ja kada ka yi saurin komawa gwangwani, matse shi kaɗan tukuna, akwai saura a ciki.

Bayan shafawa ka ba shi minti biyar zuwa goma ko yadda aka rubuta a jiki, sai ka gwada da yatsa, ka ja layi ɗaya a kai. In wurin ya fito tas yana ƙyalli ya yi, in ya bar maiƙo a shafe ƙara masa lokaci. A zafin nan namu yana saurin kamawa, don haka kada ka shafe mota duka sannan ka dawo gogewa, yi ƙofa biyu ka koma ka goge ta farko. Tawul ɗin maikurofaiba za ka sa, ka ninka shi huɗu ya ba ka fuska takwas, kana juyawa da zarar ɗaya ta cika, ba tsohuwar singileti ba, ba tawul ɗin wanka ba. In kana son ƙari, shafa na biyu siriri washegari ya fi kauri ɗaya amfani, ba don ya ninka kariya ba, don dai ya rufe inda hannu ya tsallake. Na uku da na huɗu asarar kaya ne.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne irin wakis ɗin. Yawancin na gwangwani na kanoba ne, wani kaki da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, in yana zallansa tauri gare shi sosai shi ya sa ake haɗa shi da mai da sinadarin da ke tashi, wannan sinadarin ne ke bushewa in ka shafa. Yana narkewa ne a wajen digiri 82 zuwa 86. To baƙar mota da ta wuni a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da iska kanta ta haura digiri 40, jikin ƙarfenta yana iya wuce 70, ka ga bai narke ba amma ya yi laushi kuma man da ke cikinsa yana tafiya da wuri. Shi ya sa kanoba a nan in ya yi maka wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ya yi ƙoƙari. Kyansa a baƙar mota babu musu, yana ba da wani zurfi mai daɗin kallo, amma in motarka a waje take kwana take wuni, sila ɗin roba wanda aka haɗa a masana'anta ya fi maka, yana kai wata huɗu zuwa shida, kuma shi ma siriri ake sa shi, ya ma fi wakis ƙin yawa. Na fesawa kuma fesa ɗaya ko biyu a kowace ƙofa bayan wanki. Siramik ɗin da ake ta talla yanzu, wato wani rufi mai tauri da ake shafa wa fenti a madadin wakis, ƴar kwalba mai mililita 30 ke yin mota guda, amma shi in ya bushe da tudu ba ya gogewa da tawul sai an sa inji, kada ka fara koyo da shi.

Game da ƙyallin da ka ce bai fito ba, ina kyautata zaton ba daga wakis ba ne, daga abin da ke ƙarƙashinsa ne. Da daddare ka haska fitilar wayarka a jikin ƙofa daga ɗan nesa, in ka ga siraran zane zagaye da hasken kamar yanar gizo-gizo, su ne ke watsa haske suna sa baƙi ya koma toka-toka, kuma wakis ba ya cire su. Mafi yawansu daga goge ƙura a bushe ne. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi daga Sahara, in yaro ya ɗauki tsumma kullum da safe ya bi jikin mota da shi a bushe, sanfefa yake mata a hankali da kyakkyawar niyya. Sai wanki da bokiti ɗaya da soson da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka ci gaba. Sai omo da sabulun wanke-wanke, waɗanda aikinsu cire maiƙo ne, suna rage wa wakis kwana kuma suna busar da robobi. Ka fara watsa ruwa ƙura ta sauka kafin komai ya taɓa jiki, bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso, ka tsane ta kafin ruwan ya bushe da kansa musamman in na rijiyar burtsatse ne mai barin tabo. Bayan wanki ka sa hannunka cikin farar leda siririya ka shafa bonet, in ka ji ƙurji-ƙurji to akwai abin da ya manne, kwalta ko ƙwayar fentin da iska ta kwaso ko danƙon dogon yaro in a ƙarƙashinsa kake fakin, wannan yumɓun goge mota ake bi da shi da ruwan sabulu kafin folish. Duk wannan a inuwa, jikin mota a sanyaye, da sassafe ko bayan la'asar.

Farin da ya maƙale maka a robobi yanzu, tsohon buroshin haƙori mai laushi da ruwan sabulun mota zai fitar da yawancinsa, wanda ya ƙi kuma robar goge fensir tana ɗauke shi a kan baƙar roba mai kaushi. Na cikin tambari da bakin fitila ka naɗa tawul a tsinken sakace ka bi a hankali. Inda wakis ya daskare a kan fenti ya ƙi fita kada ka kankare, ɗan shafa sabon wakis kaɗan a kai, zai narkar da tsohon, ka goge nan take. Don Allah kada ka bari wani ya kawo maka fetur ko tina, kuma gilashin gaba kada wakis ya taɓa shi don waifa zai riƙa jan maiƙo cikin ruwan sama da daddare.

Folish sau ɗaya a shekara ya isa, shi ma mai laushi, kuma sai in fitila ta nuna akwai buƙata, kullum ka fara gwada mafi laushi a ɗan fili a kan but, in ya yi shi kenan ba sai an hau kampawun ba. Wakis ko sila kuwa ruwa ne zai gaya maka, in ka watsa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa akwai saura, in ya kwanta shimfiɗe lokaci ya yi, ni dai ina son a tabbatar an sa kafin damina da kuma kafin ƙura ta sauko.

Abu ɗaya da nake so ka bincika kafin ka ɗora inji, motocinmu na hannu da yawa an taɓa yi musu feshi, wata ƙofar fentin kamfani ce wata ta gareji, kuma ba a san kaurin kiliyar da mai fentin ya sa ba. In ka ɗan murza folish da farin ƙyalle a ɓoyayyen wuri ka ga baƙi ya fito a ƙyallen, wurin ba shi da kiliya ko ta riga ta ƙare, sai a bi shi da hannu kawai a hankali. In kuma kwanan nan aka yi feshin, bar wakis da sila tukuna wata ɗaya zuwa uku fentin ya gama fitar da sinadarinsa, ka tambayi wanda ya fesa irin kayan da ya sa. Ka turo min sunan folish ɗin da ke hannunka da irin injin da za ka yi amfani da shi, sai in gaya maka soson da ya dace da gudun da za ka sa.